Linzamin Manaja

Masana sun cika littattafai da labarin faɗuwar dauloli, sun ƙirga sarakunan da aka tuɓe da garuruwan da ƙasa ta haɗiye, amma har yau ban ga wanda ya zauna ya rubuta labarin faɗuwar harafi ɗaya daga bakin mutane ba. Ni kuwa da na ƙare rayuwata riƙe da alli, ina jan kunnen 'ya'yan mutane saboda baƙi da wasali, na tabbata faɗuwar harafi ta fi ɓarna. Daula in za ta faɗi ana jin ƙararta, mai ƙafa ya gudu. Harafi kuwa kamar allura yake faɗawa cikin yashi, sai jikoki sun yi furfura sannan wani ya taka.

Jos ɗin da na buɗe ido a cikinta gari ne da ake sanin lokaci da kunne. Ladan zai fara, bayansa jiniyar kamfanin kuza ta ja wani dogon kuka irin na saniyar da aka raba da maraƙinta, sai ka ji ƙafafun leburori a bayan katanga, ba mai magana, sai tari. Bayan su ƙararrawar coci, bayan ƙararrawa matan da ke saukowa daga kan duwatsu da itace da dankalin Turawa, suna kiran ciniki da irin tasu Hausar. In damina ta kankama ƙanƙara kan sauko a kan rufin kwano har malami ya ajiye alli ya jira, mu kuwa mu fita da kwanon sha mu tsince ta muna tsotsa, haƙora na kaɗawa. Sanyi kuwa ba a ba baƙo labarinsa, akan bar shi ya kwana ɗaya. Kowane ɗaki da kaskon gawayi, kowane tsoho da bargon soja, kowane yaro da majina. Yau babu jiniya, jirgin ƙasa ya yi shiru, ƙanƙarar ma ta rage zumunci. Abin da ke tashina yanzu hon ɗin 'yan keke ne da janareton maƙwabci.

Gidanmu a Tudun Wada yake, kuma ko ɗan dako ka ce wa daga tasha ya kai ka Gidan Manaja ba zai tambayi kowa ba. Gidan laka ne mai 'yan ɗakuna da rijiyar da muke rabawa da maƙwabta, ba abin da zai nuna maka manaja ya taɓa bi ta ƙofarsa sai abu ɗaya. A zaure, jikin wata doguwar ƙusa, akwai linzamin doki na fatar Turai mai ƙarafan tagulla, da wani tauraro a wurin goshi wanda tsininsa ɗaya ya karye. Linzamin Manaja ke nan. Duk Juma'a da safe ɗayanmu zai sauke shi da hannu biyu, ya goge tagullar da toka da lemon tsami, ya shafa wa fatar man shanu, ya mayar. Wanda ya bar toka a lungun tauraro ba shi ba ƙosai a ranar. Doki kam ba mu da shi, ko jaki ba mu da shi, amma ban san gidan da ya kai mu iya kula da linzami ba.

Mai wannan doka ita ce Goggo Delu, yayar mahaifinmu. Kakanmu Audu ya rasu mahaifinmu yana goye, uwarsu ta bi shi ba da jimawa ba, Goggo ce ta raine shi tana budurwa, da cinikin ƙosai a bakin ƙofar kamfani. Ta yi aure ta fito, ta sake yi ta fito, daga nan ta dawo gidan ƙaninta ta zauna a matsayin gwamnati. Doguwa ce siririya, mai taba a leɓe, wadda in ta yi maka magana da safe sai da la'asar za ka gane inda ta sare ka. A gidanmu ita kaɗai ta ga kakanmu da idonta, saboda haka duk abin da muka sani game da shi daga bakinta ya fito. Audu Manaja, in ji ta, shi ne baƙin mutum na farko da Turawan kuza suka damƙa wa ragama. In ya fito da doki leburori darewa suke. Bature ba ya fita kilisa sai da shi. In ka tambaye ta daga wane gari ya zo, ran da ƙosai ya ƙare da wuri Bakano ne, ran da ya yi kwantai Bazazzagi ne. In ka matsa ka ce to ina gidan benen da manaja ya bari, sai ta dube ka daga sama har ƙasa ta ce, “Garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta.” Mu kuwa muka ɗauka karin magana ce kawai irin ta tsofaffi.

Bayan linzami, dukiyarmu ta biyu ita ce Hausa. Jos gari ne da kowa ke jin Hausa, amma kowa da irin rigar da ya sa mata. Wani ya ce matata ya zo, wani ya ce mota na ya lalace, a yi ciniki a rabu lafiya, ba wanda ya mutu. A gidanmu ne kaɗai aka mai da wannan laifi. Goggo ta koya mana cewa mu ne masu asali, a bakinmu Hausa take kwana, sauran jama'a aro suke yi. Babban abin dariyarmu kuwa shi ne yadda tsofaffin leburori, musamman 'yan ƙasa, ke kiran kakanmu. Ba sa cewa Audu Manaja. Audun Manaja suke cewa, da wani ɗan “n” maƙale a ƙarshen sunan. Duk sanda Goggo ta ji sai ta tafa hannu ta ce, “Ku ji gwaranci! Sun sa wa sunan wutsiya.”

Wannan wutsiya ita ta ci auren Yaya Sale. Shi ne babban wanmu, tela a kasuwa, mai sanyin hali, ko zare ba ya tsinkewa da ƙarfi. Ya ga wata yarinya mai suna Ladi da ke kawo tumatir daga Jos Jarawa, unguwar 'yan ƙasa, ya yi mata ɗinki sau ɗaya, daga nan rigunanta suka riƙa buƙatar gyara kowane mako. A wancan zamani irin wannan aure ba abin kallo ba ne, ana yi, ana haihuwa, ana zuwa sunan juna. Mahaifinta, Baba Azi, tsohon lebura ne wanda kwanon sarki, kwanon da ake ɗaukar ƙasar kuza a ka, ya cinye masa gashin tsakar kai. Da ya ga zirga-zirgar ta yi yawa sai ya yi abin da dattijo ke yi. Ya sa rigarsa ta zuwa taro, ya ɗauko kwandon dankali, ya zo ya ce in da gaske yaron yake a turo manya.

Mahaifinmu ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka gaisa, aka tambayi sanyi, aka tambayi iyali. Duk gidan muna ji daga ciki, don zauren namu ba ya riƙe sirri. Can sai idon tsohon ya kai kan ƙusa. Ya miƙe ya matsa, fuskarsa ta washe kamar wanda ya ga ɗan garinsu a Ikko.

“Kai! Linzamin Manaja! Yana nan har yanzu?” Ya kai yatsa ya taɓa tauraron. “Allah ya ji ƙan Audun Manaja. Mutumin kirki. Ni da shi kowane safe a bakin rafi muna...”

“Kai da wa?”

Goggo ce. Ba wanda ya ga fitowarta. Tana tsaye a ƙofar ciki, hannunta duk ƙullun ƙosai, ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba.

“Sannu, Mama. Na ce ni da Audun...”

“Audu Manaja ake cewa. In sunan ya fi ƙarfin bakinka ka sauke shi, ba kwanon sarki ba ne da za a ce dole sai ka kai. Kuma ɗauke hannunka daga kayan mutane.”

Mahaifinmu ya ce, “Haba Yaya, baƙo ne fa.”

“Na ga baƙo ne, shi ya sa nake nuna masa hanya. Malam, ka ji da kyau. Akwai na bisa, akwai na ƙasa, haka Allah ya tsara. Jikan Manaja ba zai auri 'yar wanda aka ƙirga da kwano ba. Tumatir muke saye a wurinku, ba surukai ba.”

Baba Azi ya daɗe yana kallonta, ya ƙanƙance ido. “Delu? Kai ne fa. Na san ka tun kana ƙarami, kana kawo...”

“Kun ji ko? Ko mace da namiji bai bambance ba, shi ne zai ba ni labarin ubana.”

Tsohon ya sa takalmansa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa mahaifinmu sallama ya fita. Goggo ta sa aka juye wa awaki dankalin, aka bi shi da kwandonsa. Yaran unguwa, waɗanda ba a taɓa rasa su a irin wannan hidima ba, suka raka shi har bakin titi suna tafi suna “Audun! Audun!”

Yaya Sale bai ce uffan ba, don a gidanmu ba a koya mana cewa uffan ba. Ya sayar da keken ɗinkinsa ya bi motocin da ke kai dankali kudu, ya zama yaron mota da gemunsa, daga baya direba. In ya zo gida sai ya zauna a zaure ya ba ƙusar nan baya. Bai yi aure ba. Labarin rasuwarsa wani kwandasta ne ya kawo, bayan an riga an binne shi a wani gari da ba mu iya faɗin sunansa. Mata na kuka, Goggo ta gyara tabarta ta ce, “Gara kabari a baƙon gari da surukuta da lebura.” Ita ma ta bi shi bayan wasu shekaru, da haƙoranta cif, ba ta janye ko kalma ɗaya ba.

Sauran labarin kowa ya sani. Kasuwar kuza ta mutu, Turawa suka naɗe tabarmarsu, suka bar wa 'yan ƙasa ramuka cike da koren ruwa a inda gonakinsu suke, ramukan da har yau suke cin yara da shanu. Garin da ake zuwa sunan juna ya koyi tambayar mutum sunansa kafin a nuna masa hanya. Muka sayar da gidan Tudun Wada a wata shekara da ba na son tunawa, muka koma inda masu irin sunanmu suka fi yawa. Na yi koyarwa har aka ga na isa aka sallame ni. Linzami ya biyo ni, yana falo a saman talabijin, yaran gidan na kiransa kayan tarihin Tsoho, ba mai goge shi sai ni.

Abin da ya tayar da maganar shi ne Fa'iza, 'yar ɗana na biyu. Tun tana ƙarama take ɗaure wa kaji ƙafa da tsumma tana ɗura musu magani, ta girma ba ta da buri sai aikin jinya. Ta ci jarrabawa, ci mai kyau, sunanta ya fito a makarantar da take so. Saura abu ɗaya, takardar shaidar asali, wadda yaran yanzu ke kira indijin. In babu ita babu gurbi, kuma an sa ranar rufewa. Ubanta ya je ofishin da ake bayarwa, aka ce su je garinsu. Ya ce nan ne garinsu, nan aka haife ta, nan aka haife shi, nan aka haifi ubansa da kakansa. Aka ce an ji, amma garinsu na asali. Ya hau mota ya tafi Kano da labarin Goggo a aljihu, aka tambaye shi wace unguwa, wane gida, ɗan wa. Ya dawo da kilishi.

Fa'iza ta same ni a falo, idonta ja. Tsakanina da ita wasan jika da kaka ne, ba ta kirana sai Angona ko Tsoho, gwargwadon abin da take nema.

“Angona, ku da kuke da manaja a gida, ko takarda ɗaya bai bar muku ba? Wane irin manaja ne wannan, na teburin mai shayi?”

“Ke, kama bakinki. Bature ko kaza ya saya sai ya rubuta. Mutum kamar kakana ba ya ɓacewa a takarda. Gobe ki shirya.”

Lissafina shi ne, in aka ga baƙi da fari cewa kakana babban mutum ne a garin nan tun garin bai zama gari ba, ba mai bakin da zai sake ce wa jininsa ya je garinsu.

Akwai wani ɗakin ajiyar tsofaffin takardun gwamnati a garin nan, da ɗan laburare a gefe, wanda na sha wucewa ta gabansa ban taɓa shiga ba. Ciki sanyi ne da warin tsohuwar takarda da kashin ɓera. Fayil-fayil ne jibge har rufi, ɗaure da jan zare, wasu gara ta riga mu karantawa. Mai kula da wurin wata mata ce, Madam Kaneng, mai rigar sanyi da tabarau rataye a wuya. Ta ba mu kujera, ta saurare ni har na gama, ban rage komai daga abin da Goggo ta bari ba.

“Baba, baƙin mutum manaja? A wancan lokaci?” Ta sa tabarau ta cire. “To. Ban ce babu ba. Wannan yarinya jikanka ne? Ya yi kama da kai.”

Tsohon malamin da ke cikina ya ɗaga hannu zai gyara mata, na zaunar da shi, don mai nema ba ya gyara wa mai bayarwa Hausa.

Muka yi ta zuwa. Ta fito mana da sunayen akawuna, na bi da yatsa. Ta fito da na su heluma masu kula da leburori, da na masinjoji, da na masu gadi, da takardun haraji. Audu kam ga su nan kamar ƙasa: Audu Kano, Audu Dogo, Audu Kuku, Audu na biyu. Bature ya rubuta yawan ruwan sama, ya rubuta ƙorafinsa a kan sauro, ya rubuta doguwar wasiƙa a kan wata butar shayi da ta fashe a hanya. Audu Manaja babu. Kullum in mun fito Fa'iza sai ta duba wayarta ta tuna mini ranar rufewa na matsowa, ni kuwa in ce ta yi haƙuri, babban kifi can ƙasa yake kwana.

Ranar da abin ya faru babu wuta, Madam ta matsar da mu kusa da taga. Fa'iza ta gaji da fayil, ta jawo wani ƙaton littafin hotuna da wani kamfanin kuza ya bari da zai tashi. Turawa a kan kujeru, Turawa da kofuna, Turawa da karnuka. Sai na ji ta ƙyalƙyale da dariya.

“Tsoho, zo ka ga linzaminka.”

Na zo. Doki ne ƙato, a goshinsa ga tauraron nan da karyayyen tsininsa, wanda na san kowane lungunsa fiye da tafin hannuna. A gefe ɗaya wani Bature ne da malafa, rungume da kofi. A ɗaya gefen wani mutum ne da gajeren wando, ba takalmi, yana riƙe da linzamin, mai ɗaukar hoton ya yanke masa kafaɗa ɗaya don dokin ya shiga duka. Na duba bayan dokin ina neman mahayi. Ba kowa.

“To ina shi mai dokin?” na ce.

“Ga kakanka nan,” in ji ta. Ta daina dariya. “Dubi kunnuwan. Naka ne. Na Baba ne. Nawa ne ma, shi ya sa ba na cire ɗankwali.”

A ƙasan hoton akwai rubutun hannu da Turanci, na karanta shi sau biyu: Manaja da yaronsa Audu, bayan cin tsere.

Na zauna. Na ce a raina, to, an sauko da mu mataki ɗaya. Kakana ba manaja ba ne, yaron manaja ne, wancan Baturen mai kofi. Na ma faɗa a fili don in ji yadda zai zauna a kunne. “Yaron manaja ma ai kusa da manaja yake. Na kusa da wuta shi ke jin ɗumi.” Madam Kaneng ta miƙo hannu ta buɗe shafi na gaba. Dokin ne shi kaɗai, ba Bature, ba Audu, yana kallon gefe kamar mai tunanin al'amuran kamfani. A ƙasa kalma ɗaya aka rubuta. Manaja.

“Ayya, sori Baba,” in ji ta. “Sunan dokin ne. Haka suna yi. Akwai wani kare ma a nan baya, ana kiran shi Gwamna.”

Ban san iyakar yaran da na tsayar a gaban allo ina koya musu cewa “n” ɗin nan da ke liƙe a ƙarshen suna harafin mallaka ne ba. Wandon Musa, gidan Musa, jakin Musa. Audun Manaja, wato Audu na Manaja. Babu gwaranci a ciki ko na ƙwayar gero. A gidanmu harafin ya faɗi, kuma na san hannun da ya yar da shi. Goggo budurwa ce a lokacin, ita ke kai wa ubanta abinci, ita ke wanke gajeren wandon nan, ta san warin da yake dawowa da shi gida. Ta goya ƙaninta maraya, ta dubi abin da uba ya bar musu, linzami ɗaya da suna ɗaya, ta ga linzamin ba zai gyaru ba sai ta gyara sunan. Da na bi maganganunta ɗaya-ɗaya ma ban kama ta da ƙarya mai yawa ba. Ragama an damƙa masa. In ya fito da doki lallai leburori za su dare, don doki na harbi. Sai a ranar na gane saurin da ta fito da shi da ƙullu a hannu. Suruki take gudu, wanda zai riƙa zuwa suna da biki yana tuna bakin rafin da ake wanke doki. Yaya Sale ne ta biya kuɗin rufe bakin da shi, ta ga araha.

Fa'iza ba ta da lokacin wannan tunani. “To, Tsoho, doki ko jaki, ai dai ya nuna muna nan tun lokacin. Madam, babu wata takarda mai hatimi?” Madam ta shiga ciki ta daɗe, ta fito da rajistar likitan dabbobi da ke duba dawakan kamfanin. Ga shafin Manaja, ga sunan Audu a ciki. Da aka kawo wuta ta buga mana kwafin shafin da na hoton, ta danna hatiminta, ta raka mu har ƙofa tana cewa Allah ya sa ya yi aiki.

Washegari na sa babbar rigar da nake zuwa ɗaurin aure da ita, na ɗauki shaidar cewa kakana yaron doki ne, na kai ofishin da hannuna. Fa'iza ta tsaya a waje ƙarƙashin bishiya. Jami'in yaro ne, bai kai wasu ɗalibaina ba. Ya karɓi takardun ya juya su, ya dubi hoton, ya dube ni, ya dubi kunnuwana.

“Baba, wannan fa takardan doki ne.”

“Na sani. Dubi nan, ga sunan kakana. Yana garin nan tun ba a sa harsashin ofishin nan ba.”

“Na gani. Amma bai ce shi ɗan nan ne ba. Ya ce yana wanke doki a nan.” Ya leƙa ɗaya ɗakin. “Oga! Zo ka ga wani abu. Tun da na fara aiki ban taɓa gani ba.”

Ogan ya zo da kofin shayi, bayansa mata biyu, bayansu masinja. Aka riƙa miƙa wa juna kakana hannu zuwa hannu. Ba su yi dariya a gabana ba, 'ya'yan mutunci ne, sai da na juya baya. Ogan ya rako ni har ƙofa yana cewa, “Baba, ka yi haƙuri, ba mu muka yi doka ba. Kowa yana da garinsu. A nemo garin Audu.” Ina sauka daga matakala na ji wani ya yi 'yar haniniya a hankali.

Fa'iza ta dubi fuskata, ba ta tambaya ba. Ta karɓi takardun ta naɗe, ta ce, “Angona, mu je. In yamma ta yi keke wuya yake.”

Aka rufe ɗaukar ɗalibai. Yanzu tana zaune ƙarƙashin lema a bakin titi da na'urar cire kuɗi, in wani ya yanke a hannu a layin ita ake kira. Takardar kuwa tana wurina. Likitan dabbobin nan mutum ne mai tsari, ya ja layi ya raba shafin gida-gida, ga na suna, ga na launi, ga na mai kula, ga na asali. A gidan mai kula ya sa Audu, ba ƙari. Gidan asali na dokin ne. An rubuta: haifaffen Jos.